Na roƙi gafara, amma zuciyata ba ta daina zargina ba

Tambaya: Ni Kirista ce, 'yar Zumuntar Mata. Mahaifiyata ta rasu bara muna cikin saɓani, ban samu na nemi gafararta ba. Tun daga nan barci ya ƙaurace mini, abinci ba ya shiga, na daina zuwa sujada. Na sha roƙon Allah gafara, amma ji nake ya juya mini baya, ba ni da wani amfani. Wata ta ce rashin bangaskiya ne. Haka ne?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Ubangiji ya ta'azantar da ke. A'a, ba rashin bangaskiya ba ne, kuma wannan magana ta ƙara miki kaya ne kawai.

Ƙuncin da ya wuce mako 2 bai sake ki ba, ga rashin barci, rashin cin abinci da gudun mutane, alamun ciwon damuwa ne. Zargin kai da ya wuce kima ma yana cikin alamominsa. Shi ya sa kike tuba kullum amma nauyin bai sauka ba. Nadamar da ke zuwa daga Allah takan nuna laifi takamaimai, ta kai mutum ga tuba, sai ya sami hutu; dubi 2 Korintiyawa 7:10. Muryar da ke tashinki da asuba tana cewa ke gaba ɗayanki banza ce, ta ciwon ce.

Karanta 1 Sarakuna 19. Annabi Iliya ya zauna a gindin itace a jeji, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ba a tsawata masa ba. Mala'ika ya tashe shi, ga waina da tulun ruwa kusa da kansa. Ya ci, ya sha, ya koma barci, aka sake tashinsa ya ci. Sai daga baya Allah ya yi magana da shi. Bitrus kuwa sau 3 ya yi musun sanin Yesu, duk da haka shi aka damƙa wa kiwon tumaki. Alheri kyauta ne, ba ya jiran sai kin ji a ranki cewa kin cancanta. 1 Yohanna 3:20 ta nuna ko zuciyarmu ta kayar da mu, Allah ya fi ta girma.

Saɓani tsakanin uwa da 'ya ba baƙon abu ba ne, kuma bai shafe shekarun ƙaunar da ke tsakaninku ba. Rubuta abin da kika so faɗa mata, ki karanta a gaban fasto ko wata dattijuwa mai riƙe amana.

Sannan ki ga likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ko ki fara da babban asibitin da ke kusa. Maganin yakan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi, kada ki ajiye shi da kanki, kuma shansa bai hana addu'a ba. In tunanin kashe kanki ya taɓa zuwa miki, ki faɗa wa wani yau, ya raka ki asibiti, kada ki kwana ke kaɗai.