Buhu 180 a cikin kalma ɗaya

Jiya bayan la'asar ka tare ni da tambaya ina tsakiyar buga wa wata baiwar Allah takardar rantsuwa, shi ya sa na ce ka dakata. Cewa ka yi: "Baba, a Turanci in an ambaci suna, mene ne ke ɗaure shi da aikatau ɗin da ya biyo baya?" Ka ce ka ga "the goods were delivered" a wata takarda, ka ga "the goods delivered" a wata, ga kuma "the goods to be delivered", duk kana fassara su da "an kawo kaya". Da na ji wannan sai da gabana ya faɗi. Ka gode wa Allah ba a kan dukiyar wani ka yi ba tukuna. Zauna ka ji.

A Hausa aikatau basarake ne, ba ya fita sai da zagi. Malaman nahawu ma haka suke kiran abin, zagin aikatau. "Audu ya zo." "Mata sun tafi." Ba ka cewa "Audu zo" sai in kiransa kake yi. Wannan ɗan "ya" ko "sun" shi ke gaya maka namiji ne ko mace, ɗaya ne ko da yawa, an yi ko ba a yi ba. Bature ba ruwansa da zagi, "Audu came" kawai, suna kafaɗa da kafaɗa da aikatau. Shi ya sa kuke rubuta mini "the man he came", kuna saka wa Turanci babbar riga. Maganar "is" da "are" ko ƙara "s" a ƙarshen aikatau kuwa, kada ma ka kawo mini ita, wanda bai san wannan ba firamare ya kamata ya koma, ba teburina ba.

Inda ake faɗawa rami daban ne. Mu in muna son mu keɓe wasu daga cikin taro, "da" muke sawa, kuma zagin kansa sai ya sake tufafi: "mutane sun zo" ya koma "mutanen da suka zo", "suna aiki" ya koma "da suke aiki". Kunnenka kaɗai ya isa ya ji bambancin. Turanci yana da "who" da "which" da "that", amma aikatau ba ya sake kama a bayansu, kuma in Bature ya ga dama sai ya jefar da su gaba ɗaya ya bar suna manne da aikatau ba komai a tsakani. A nan aka ci ni.

Lokacin na yi shekara goma sha ɗaya ina karanta wa wani Alhaji takardunsa. Ba zan faɗi sunansa ba, ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Riɗi yake saye daga kasuwannin Jigawa, wajen su Maigatari da Gumel, ya tara a sitonsa na Dawanau, ya sayar wa masu fitarwa waje ta Apapa. Mutum ne da in ya ce maka e to e ce, amma boko ko harafi bai sani ba, lissafinsa da ajami yake yi a ɗan littafi mai baƙin bango. Duk wasiƙar da ta zo masa daga Kudu ni nake zama a kan tabarmarsa in karanta, in ya ba da amsa in koma in buga a tafireta, kofi biyu da takardar kabon.

Wata kaka wani mai saye daga Legas ya turo wakilinsa. Cinikin buhu 600 ne, lodin tirela guda. Wakilin ya kwana biyu a Kano. Ranar farko ya shiga sito da ƙarfen nan mai rami da ake soka wa buhu a ɗebi samfur, yana sokawa, yana murza riɗin a tafin hannu yana hurawa, buhun da ya duba sai yaronsa ya ɗiga masa jan fenti a kunne. Ina nan tsaye ina kallo. Da magariba ta kawo kai sai ya kakkaɓe hannu ya ce kaya sun yi kyau, ya tafi masauki. Babu wanda ya ƙirga buhu nawa ya ɗiga wa fenti. Wa zai ƙirga? Wakilin mai saye da bakinsa ya ce kaya sun yi.

Washegari ya kawo yarjejeniya shafi biyu. A shafi na biyu akwai wannan layi, har gobe ina ganinsa a idona: "Payment shall be made for the bags inspected by our agent." Na karanta, na ɗaga kai na ce wa Alhaji: "Sun ce wakilinsu ya duba buhunan, za a biya kuɗinsu." Alhaji ya ce madalla, ya dangwala yatsa.

Ka ji abin da na yi? Na ɗauki "inspected" a matsayin labari, wato an ba ni labarin cewa an duba. Alhali ba labari ba ne, shinge ne. Abin da layin yake cewa shi ne za a biya kuɗin buhunan da wakili ya duba, su kaɗai. An cire "which were" an bar kalma ɗaya rak, kuma wannan kalmar kamarta ɗaya da aikatau na abin da ya wuce, duk "ed" ce a ƙarshe. "The agent inspected the bags" jimla ce cikakkiya, wani ya yi aiki. "The bags inspected by the agent" ba jimla ba ce, suna ne mai doguwar jela, jelar kuma aikinta ta ware wasu buhuna ta bar wasu a waje.

Wakilin nan yana jin Hausa kamar jakin Kano. A Sabon Gari aka haife shi, da Hausa muka yi ta hira ranar farko. Yana zaune a gabana, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ji fassarata da kunnensa, ya san ba haka takardar ta ce ba, ya yi gum. Har murmushi ya yi mini ya ce Malam ya iya Turanci. Wannan murmushin ne ban yafe ba.

Tirela ta isa Legas, bayan kwana tara saƙo ya zo: buhu 420 ne ke da jan fenti, su za a biya. Sauran 180 ba a duba su ba, ba sa cikin yarjejeniya. Ko Alhaji ya zo ya kwashe kayansa ya biya kuɗin ajiya da na mota, ko ya bar su a rabin farashi. Riɗi ɗaya ne, sito ɗaya, daga gonaki ɗaya. Muka kai takardar wa lauya, ya karanta sau ɗaya ya ture ta gefe ya ce babu shari'a a nan, abin da aka rubuta ke nan. Alhaji ya bar kayan a rabin kuɗi don ba shi da yadda zai yi.

Dattawan layinsu suka zauna a kan maganar. Babu wanda ya ce na ci amana, amma an ce bakina ne ya sa Alhaji ya dangwala yatsa, kuma gaskiya ne. Na sayar da babur ɗina na kai abin da ya samu, bai kai ko kusa da asarar ba. Alhaji ya karɓa bai ce uffan ba. Bai zage ni ba, bai ɗaga mini murya ba, daina aiko yaro kirana kawai ya yi. Mutum huɗu na layin suka bi sahunsa. Shekara biyu ina wucewa ta titin Katsina ban iya juya kai in kalli ƙofar kasuwar ba. Cikin shekarun da na yi a wannan aiki, daga tafireta har kwamfuta, kuskure ɗaya ke nan da ya ci kuɗin mutum ta hannuna, kuma da mutumin kirki ne a gabana ranar, da gyara ɗaya ya isa.

Tun daga nan, kowace jimla aka ba ni, uban aikatau nake fara nema, wanda ke ɗauke da lokaci: "shall", "will", "was", "has". Shi kaɗai ke ba da labari. Duk wani mai "ed" ko "ing" da ya maƙale a bayan suna ba tare da ɗayan waɗannan ba, kuma ba shi ne uban aikatau ɗin ba, jela ce, sai in sa masa "da" a Hausa. "The man standing at the gate", mutumin da ke tsaye a ƙofa. "To be delivered", ba a kawo ba tukuna, kayan da za a kawo. Kuma ka lura, jelar nan ba ta da lokacin kanta. "Goods delivered after Friday will be rejected" ba a kawo komai ba ma, magana ce ta gaba. Hausa kuwa ba za ta bar ka ka ɓuya ba, dole ka zaɓa, ko "da aka kawo" ko "da za a kawo". Bature ya bar abin a dunƙule, kai ne za ka warware, kuma in ka warware ba daidai ba wuyanka za a kama.

Waƙafi ma haka. "The bags, which were inspected," duk buhunan ne, ƙarin bayani kawai aka yi. Cire waƙafin, ya koma wasu ban da wasu. Ɗigon tawada da bai kai ƙwayar riɗi ba.

Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu shi ne gaggawa. Ka ɗauki hoton takarda da waya, na'ura ta zubo maka Hausa, ka karanta wa mutum kana hura hanci. Na'urar ko ta fassara daidai, ba za ta leƙa sito ta ƙirga jan fenti ba. Ba za ta tambayi wakili "nawa ka duba?" ba. Ni yanzu in na ga irin wannan jelar a takardar kuɗi, alƙalami nake ajiyewa in yi tambaya biyu, nawa ne, kuma yaushe. Sai an rubuta adadi da kwanan wata a jikin takardar mai ita zai sa hannu, in mai kawowa ya ƙi, in gaya wa mutumina a gabansa cewa ya ƙi. Kai kuwa kunya kake ji kada a ce ba ka gane Turanci ba, sai ka haɗiye tambaya.

Ɗauko takardar filin nan da aka kawo da safe, tana ƙarƙashin fayil ɗin kore. A sakin layi na uku an rubuta "the plot allocated to the buyer". Ka fassara ta da "an ba mai saye fili", na gani. Goge. Ka kira lauyan da ya rubuta ka tambaye shi an riga an ware filin ne ko sai an gama biya, kuma lamba nawa ne. Mai sayen zai dawo bayan azahar, kada ya same ka ba ka da amsa.