Amsa ga Hajiya kan gishiri da aikin jijiyoyin ƙoda

Assalamu alaikum jama'a. Hajiya, na saurari tambayarki game da Alhaji, wanda kika ce yana shan maganin hawan jini kala uku, har da mai sa fitsari, amma jininsa ya ƙi sauka. Kin ce ɗanku ya ji labarin aikin da ake yi wa jijiyoyin ƙoda a ƙasar waje, kina so ki san ko bayan aikin mutum zai koma cin gishirinsa kamar da.

Aikin gaskiya ne. Akwai siraran jijiyoyi masu kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙoda, waɗanda idan aikinsu ya yi yawa sukan sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau. Likita yakan zura siririn bututu ta hanyar jinin da ke matsematsi har zuwa ta ƙoda, ya ƙona su. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Nuwamba 2023, amma sauƙin da ake samu yawanci bai kai maki 10 a lambar sama ta awon hawan jini ba, kuma ana ci gaba da shan magani.

To ki kwatanta da wannan. A 2009 an gwada mutum 12 masu irin larurar Alhaji a Jami'ar Alabama, aka rage musu gishiri sosai na mako guda, lambar sama ta sauka da kusan maki 23. Mutanen kaɗan ne, na yarda, amma ya nuna cewa gishiri da kansa yana karya ƙarfin magani, kuma ƙona jijiya ba ya hana abin da aka ci shiga jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya. Lissafin ya haɗa da dunƙulen da kike murzawa a miyar kuka, da kanwar da ake jefa wa wake, da yajin tsiren da Alhaji yake tsayawa saye da daddare, wanda na tabbata ba ya kawo miki rahotonsa. Daddawa da citta da tafarnuwa za su riƙe miki ɗanɗano.

Idan kuka koma asibitin Barau Dikko, ku tambayi likita game da gwajin fitsarin awa 24, wanda ke nuna gishirin da yake ci, da kuma ko ya dace a ƙara masa magani na huɗu. Kafin ranar, kada ya ajiye ko ƙwaya ɗaya.