Kutsen zaɓen Amurka na 2016 da zancen hannun Rasha

Malam, tambayarka ita ce ko kutsen da aka yi wa jam'iyyar Democrat a 2016 ya nuna Trump ya haɗa baki da Rasha. Kutsen kam ya faru. A watan Maris aka turo wa John Podesta, shugaban kamfen ɗin Hillary Clinton, 'yar takarar Democrat, imel na bogi mai kama da na Google, da shi aka sace kalmar sirrinsa. A Yulin 2018 Robert Mueller, mai bincike na musamman na Amurka, ya tuhumi jami'an leƙen asirin sojan Rasha 12 kan kutsen. Sai dai rahotonsa na 2019 bai tabbatar da haɗin baki da mutanen Trump ba, nan jama'a ke cakuɗa maganar. Kuma wajen gano mai kutse, adireshin IP, wato lambar da ke nuna na'ura a intanet, kaɗai ba hujja ba ne, ana iya ɓoye shi. In irin imel ɗin bogin nan ya zo maka, kar ka taɓa, kai shi wurin masanin tsaron intanet.