Amsa ga 'yar'uwa mai tambaya kan zufar sabulun narkarwa da ƙarancin kumfarsa

'Yar'uwa, na karanta tambayarki, inda kika ce kin sayi dunƙulen sabulun da ake narkarwa a zuba a mazubi, kin narkar da kilo ɗaya, kin ƙara masa rabin kofi na man zaitun da turare da launi, amma da ya daskare sai ya fito da laushi, kumfarsa ta yi ƙaranci, kuma bayan kwana biyu kika tarar da ɗigon ruwa a jikinsa kamar yana zufa. Na daɗe ina wannan aiki, kuma babu ɗaya daga cikin abubuwan nan uku da bai same ni ba a farkon farawata.

Abin da ya kamata ki fara riƙewa shi ne, dunƙulen da kika saya ya riga ya zama sabulu tun a masana'anta. An haɗa mai da sodar kostik, sodar ta gama cinye man, sannan aka ƙara giliserin da wasu sinadarai irin su sobitol domin ya riƙa narkewa idan ya ji zafi, ya sake daskarewa idan ya huce. Wannan ne ya sa ba kya buƙatar taɓa soda mai ƙuna, kuma ba sai kin jira mako 4 zuwa 6 ba kamar masu haɗa sabulu tun daga tushe. Amma wannan sauƙin yana da iyaka, domin abin da aka gama haɗa shi ba ya karɓar ƙari mai yawa.

A nan ne matsalar kumfarki ta samo asali. Tunda babu sauran soda a cikin dunƙulen, man zaitun da kika zuba bai sami abin da zai mayar da shi sabulu ba, sai ya zauna a matsayinsa na mai. Aikin sabulu kuwa kama maiƙo ne, saboda haka sabulun naki ya shagala da man da ke cikin jikinsa tun kafin ya kai ga fatar mai wanka. Shi ya sa kumfar ta mutu, shi ya sa kuma ya yi laushi. Ni dai ba na wuce ƙaramin cokali ɗaya na mai a cikin giram 500, wasu kan kai babban cokali ɗaya, amma rabin kofi a kilo ɗaya ya zarce kowane ma'auni da na sani. A ganina ma, idan ana son sabulu mai taushi a fata, gara a sayi dunƙulen da tun asali aka yi shi da man zaitun ko madarar akuya, da a ce za a gyara na gama-gari da hannu. Na ɓata kiloli da dama kafin na yarda da hakan, domin a lokacin gani nake yawan mai shi ne inganci.

Ba ki faɗi yadda kika narkar da shi ba, amma ina zargin zafi ma yana da hannu. Yawancin irin wannan sabulu yakan narke tsakanin digiri 50 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyos, kuma babu dalilin da zai sa a bar shi ya haura 65. Idan ya tafasa, ruwan da ke cikinsa yakan ƙafe, ya yi kauri kamar roba, ya canza launi, wani lokaci har ya yi ƙauri. Ranar da na fara, kai tsaye na ɗora tukunya a kan wuta na juya baya, kafin in dawo gindin ya kama, saman kuma bai ko narke ba. Tun daga nan nake yayyanka shi ƙanana daidai wa daida, in zuba a kwano, in ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi, in rufe shi don kada danshinsa ya gudu. Mai amfani da maikirowef kuwa ta riƙa ba shi daƙiƙa 20 zuwa 30, ta fitar ta juya, ta mayar. Da zarar ya rage 'yan gutsattsari kaɗan sai a sauke, zafin da ke jikinsa zai ƙarasa narkar da su. Juyawar ma a hankali ake yin ta, domin bugawa da ƙarfi iska take cusawa a ciki. Ma'aunin zafi da ƙaramin sikeli sun fi kowane kayan ado muhimmanci a wannan aiki.

Zufar da kika gani ba alamar lalacewa ba ce, kuma ana iya wanka da sabulun ba tare da wata fargaba ba. Giliserin yana da ɗabi'ar janyo danshi daga iska, wanda shi ne abin da ya sa ake son sa a kayan gyaran fata. Idan aka bar sabulun a buɗe a wuri mai laima, giliserin da ke samansa sai ya tara ruwan iskar ya zama ɗigo-ɗigo, ruwan da kike gani ke nan daga waje ya zo. Maganinsa shi ne ki naɗe kowane guda da siririyar leda mai mannewa da zarar kin cire shi daga mazubi, ki matse ta yadda iska ba za ta sami wurin shiga ba. Takarda ko kwali kaɗai ba sa hana wannan, sai dai a sa su a bayan ledar. Akwai kuma kuskuren da gaggawa kan jawo, wato saka mazubi a firiza don ya yi saurin daskarewa. Idan aka fito da shi da sanyinsa, raɓa takan sauka a kansa kamar yadda take sauka a jikin kofin ruwan sanyi, sai zufar ta ninka. Awa 4 zuwa 6 a ɗaki sun isa ga ƙananan mazubai, babba kuwa a bar shi ya kwana. Idan wurin da kike zaune yana da laima sosai, akwai nau'in dunƙulen da aka rage masa zufa, sai dai yana saurin daskarewa, dole hannu ya yi sauri wajen zubawa.

Game da turare, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na nauyin sabulun ya wadatar, wato giram 10 zuwa 15 a cikin giram 500, kuma ya zama wanda aka yi domin sabulu ko fata. A zuba shi bayan an sauke, don kada zafi ya kore ƙamshin. Duk turaren da ke da banila a cikinsa yakan mayar da farin sabulu ruwan ƙasa bayan 'yan makonni, kada ki ɗauka wani abu kika ɓata. Launin da ake sa wa abinci yana koɗewa, yana kuma tsallakawa daga wannan sashe zuwa wancan, garin maika, wato garin launi mai ɗan ƙyalli da ake sa wa sabulu da kayan kwalliya, ya fi shi tsayawa, muddin an dama shi da ɗan sifirit kafin a zuba. Busassun furanni suna da kyau a hoto, amma yawancinsu baƙi suke komawa a cikin sabulu, ɗanyen abu mai ruwa kuwa yana iya yin fumfuna.

Ki tanadi sifirit marar launi, irin na aisofurofil mai ƙarfin kashi 91 ko 99, a cikin ƙaramar kwalbar feshi. Fesawa ɗaya bayan zubawa takan fasa ƙananan kumfar da ke taruwa a sama. Idan kuma kina son yin sabulu hawa biyu, ki bari na farko ya yi fatar da za ta iya ɗaukar nauyi, ki fesa masa sifirit, sannan ki zuba na biyu yana kusa da digiri 52 zuwa 55. In ya fi haka zafi zai huda na ƙasa, in kuma aka manta da feshin, hawan biyu za su rabu a hannun mai wanka.

Wanda kika riga kika yi kada ki zubar da shi. Ki goge zufar da tsumma mai tsabta, ki yayyanka shi, ki riƙa haɗa kashi ɗaya nasa da kashi uku ko huɗu na sabon dunƙulen da ba a ƙara wa komai ba, ki narkar a hankali, kada ki sake zuba mai ko turare. Ki fara gwadawa da giram 100 kacal, ki rubuta ma'aunin da kika yi amfani da shi, idan kumfar ta dawo yadda kike so sai ki bi da sauran a kan wannan ma'aunin.