Me ya sa samfula ke ƙin wasu fayiloli?

Ka ce samfularka ta kwamfuta, wato manhajar da ke kunna guntayen sautin da aka ɗauka (samfur) don haɗa kiɗa, tana buɗe wasu fayiloli ta ƙi wasu, kuma zagayen gangar (guntun kiɗan ganga mai maimaita kansa) da ka yanko daga wata MP3 ba ya faɗawa daidai kan bugu. To ƙanena, matsaloli biyu ne ka haɗa wuri guda. Bari mu raba su.

Da farko, ba kowane fayil da ke cikin foldar samfur ne ke ɗauke da sauti ba. WAV sauti ne, AIFF ma sauti ne. Amma fayil ɗin NKI na samfular Kontakt, ko fayil ɗin SFZ, umarni ne kawai: wane samfur zai zauna a kan wane maɓalli, daga ina zai fara, yaya ƙarfinsa. Sautin yana can a wata folda dabam. Shi ya sa in ka kwashe NKI shi kaɗai ka kai wata kwamfuta, sai ta ce maka samfurori sun ɓata, alhali kai ne ka baro su a baya. Kuma NKI na Kontakt ne, kada ka sa ran wata samfula za ta karanta shi yadda yake. SFZ ya fi sauƙin kai, domin rubutu ne tsagwaronsa, kana iya buɗe shi ka gyara hanyar folda da hannunka. Wani nau'in fayil mai suna SF2 kuwa yana tafiya da sautinsa a cikinsa.

Sai maganar MP3, inda nake so ka buɗe kunne sosai. MP3 yana rage nauyin fayil ne ta hanyar zubar da sassan sautin da ake ganin kunne ba zai lura da su ba. Don sauraro ba laifi. Amma mu ba sauraro kawai muke yi ba. Muna yanka, muna saukar da murya, muna miƙa sauti, muna matse ganguna har su yi kauri. Duk lokacin da ka yi haka, aibin da aka ɓoye sai ya fito fili, musamman a kan hai-hat (ƙananan faifan ƙarfe na ganga) da kuge, ka ji suna wani shuu kamar ruwa. Bayan haka, yayin haɗa MP3 ana ƙara ɗan shiru a farkon fayil. Ɗan kaɗan ne, amma ya isa ya sa kik ɗinka, wato bugun babbar ganga, ya makara, zagayen ya riƙa ɗingishi. Abin da ya same ka ke nan. Kuma kada wani ya ruɗe ka cewa mayar da MP3 zuwa WAV zai dawo da abin da aka zubar. Fayil ɗin zai ƙara nauyi, sautin yana nan yadda yake.

Ni dai WAV nake ajiye komai. Microsoft da IBM suka fito da shi a 1991, kuma har yau da wuya ka sami samfular da ba ta san shi ba. AIFF na Apple daidai yake da shi wajen inganci. FLAC yana rage nauyin fayil amma ba ya zubar da komai, yana da kyau don adana, sai dai ba kowace samfula ke karɓarsa ba.

Ko a cikin WAV ɗin ma akwai lambobi biyu da za ka riƙa dubawa. Ta farko yawan ɗaukar sauti a daƙiƙa: 44.1 kilohaz na faifan CD, 48 na aikin bidiyo. Yawancin manhajojin yanzu suna daidaita su da kansu, amma in aka kunna fayil na 48 a matsayin 44.1 ba tare da juyawa ba, zai yi nawa da kusan kashi 8 cikin ɗari, muryarsa ta sauka, ya daina jituwa da bes ɗinka, wato sautin ƙasa mai kauri. Ta biyu ita ce bit, wato ma'aunin yadda ake adana ƙarfin sauti daki-daki: 16, 24 ko 32. Yi aiki da 24. Wasu tsofaffin na'urori ba sa karanta 32, wasu ma 16 kaɗai suka sani.

Na san za ka ce ai tsofaffin makaɗan hip hop da na'urori masu ƙarancin inganci suka yi suna. Gaskiya ne. Na'urar SP-1200 da kamfanin E-mu ya fitar a 1987 bit 12 ce, a kusan kilohaz 26, daƙiƙa goma kacal take ɗauka, kuma wannan kaushin nata ne ya ba gangunan wancan zamanin nauyinsu. Amma wannan kaushi ne da ke ƙara wa ganga jiki, na MP3 kuwa rage mata yake yi. In kana son irin wancan sautin, ka fara da WAV mai tsabta, sannan ka rage bit ɗin da gangan, gwargwadon yadda kunnenka ya gamsu.

Yanzu koma kan zagayen nan naka. In ba ka da asalinsa sai MP3, juya shi zuwa WAV sau ɗaya, ka faɗaɗa hoton sautin, ka yanke shirun da ke gaban kik na farko, ka adana shi a folda ɗaya da aikin. Sannan ka kawo mini in ji.