Wayar tebur ta intanet a gida: kun tambaya, ga amsa

Tambaya: Muna da tsohuwar wayar tebur tun zamanin NITEL, mahaifinmu ba ya son rabuwa da ita. Za ta yi aiki da intanet? Daga Zariya.

Amsa: Za ta yi. Ka nemi ƙaramin akwatin da ake kira ATA, wanda ke haɗa wayar tebur da intanet. Grandstream HT801 na ɗaukar waya ɗaya, HT802 na ɗaukar biyu. Siririn kebul ɗin wayar ya shiga ramin waya na akwatin, wato FXS, kebul ɗin intanet ya tafi rauta, sai ka zuba sunan asusu da kalmar sirrin da kamfanin kiran intanet ya ba ka. Wanda ba shi da tsohuwar waya ya sayi wayar tebur ta intanet Yealink T31P ya huta, amma ya buɗe kwalin a shago, domin sau da yawa ba ta zuwa da adaftar wuta. Kada kuma a sayi ta hannu sai an gwada, wasu a kulle suke da kamfanin da ya fara sayar da su.

Tambaya: Na ɗora manhajar sarrafa kira ta FreePBX a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, na buɗe ƙofa ta 5060, wadda kiran intanet ke shigowa ta cikinta, a rauta don in riƙa kira daga kasuwa. Na sa dala 50 a asusun kira da daddare, da safe babu ko sisi, ga jerin kira zuwa ƙasashen da ban san kowa a can ba. Kamfanin ne ya cuce ni? Daga Kano.

Amsa: Malam, kamfanin bai taɓa maka ko kwabo ba. Kai ka wangale ƙofar gida ka kwanta barci. Wannan matsalar tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin kusan duk mai sabuwar na'ura sai ya faɗa cikinta. Dare da rana akwai manhajojin ɓarayi da ke zagaya intanet suna ƙwanƙwasa ƙofa ta 5060 a kowane adireshi. Da na'urarka ta amsa, sai su fara gwada lambobin ciki da ake bai wa wayoyin gida, 100, 101, 1000, da kalmomin sirri irin su 1234. Ina kyautata zaton taka ba ta wuce haka ba. Suna shiga sai su buga kira barkatai lokaci guda zuwa lambobi masu tsada waɗanda suke da kaso a kuɗinsu. Da dare suke yi, sun san ba ka kallo. Ka ma gode Allah asusun biya-kafin-kira gare ka. Da na biya-bayan-wata ne, da bil ɗin da zai zo maka sai ya sa ka zufa cikin hunturu.

Yau ɗin nan ka rufe ƙofar. Na'urar da ke rajista da kamfani ita ke fita ta gaishe shi, amsa kuma ta hanyar da ta fita take dawowa, babu buƙatar buɗe komai. In kana son kira daga kasuwa, ka sa manhajar WireGuard, salularka ta fara shiga gida ta VPN, wato killatacciyar hanya a intanet, sannan ta yi rajista. Kowace lambar ciki ka ba ta kalmar sirri mai haruffa 16 ko fiye, ka sauya ta shafin gudanarwa, ka kunna Fail2ban, mai toshe duk wanda ke ta gwada kalmar sirri, da katangar tsaron FreePBX. Daga nan ka shiga shafin kamfanin: toshe kiran duk ƙasashen da ba ka kira, taƙaita kira biyu a lokaci guda, kashe cire kuɗi daga katin banki kai tsaye. Shawarata kullum ita ce kada kuɗin cikin asusu ya wuce na mako biyu. Kuma gidan da ke da waya ɗaya ko biyu ba ya buƙatar FreePBX sam, ATA ta wadatar.

Tambaya: Ina jin mai kira, shi ba ya ji na. Wani lokacin ma wayar ba ta ringin. Rautar 4G nake amfani da ita. Daga Maraɗi.

Amsa: Kashe saitin da ake kira SIP ALG a rauta, shi ne ke lalata adireshin da ke cikin saƙon kira. A na'urar kira kuma kunna NAT Keep Alive, saitin da ke hana hanyar kira rufewa, ka rage lokacin sabunta rajista zuwa minti 2. Layukan 4G da Starlink yawanci suna haɗa mutane da yawa a adireshi ɗaya, shi ya sa kira kan kasa iso maka. In abin ya ƙi, koma TLS, tsarin da ke rufe saƙon kira da sirri, ta ƙofa 5061.

Tambaya: Wane kamfani zan zaɓa, kuma data nawa kira ke ci? Daga Kumasi.

Amsa: Hajiya, fara duba farashin minti zuwa lambobin salula na ƙasar da kike yawan kira, ba na layin ƙasa da suke tallatawa ba, kuma ki ga ko da daƙiƙa suke lissafi ko da minti. VoIP.ms da Callcentric da Zadarma duk suna karɓar na'urar da kika saya da kanki. Sa kuɗi kaɗan ki gwada mako guda. Ki yi ping, wato gwajin saurin amsa, zuwa sabarsu, in jinkirin ya haura milisakan 150 sosai za ku riƙa katse wa juna magana. Batun data kuwa ya danganta da tsarin sarrafa murya: G.711 na cin kusan MB 1.3 a minti, G.729 ƙasa da rabin MB, sai dai muryar ba ta kai ta farko fita ba. Ki ajiye salula don kiran gaggawa na 112.

Tambaya: Da an ɗauke wuta sai layin ya mutu. Daga Gombe.

Amsa: To da me zai rayu? Sayi ƙaramin UPS, wato batirin ajiyar wuta, na rauta mai fitar da 12V da 5V, ka jona rauta da ATA duka. Karanta bayan kowace na'ura kafin ka jona, 12V a ramin 5V ƙonewa ce nan take.