Tambaya da Amsa: Waƙar Malaika da Tsohon Kaset ɗin Baba

Tambaya: Assalamu alaikum. Cikin kayan marigayi mahaifinmu na tarar da kaset an rubuta Malaika a jikinsa. Mace da namiji ne ke rerawa, amma muryar tana ja kamar ta mai jin barci. Waƙar ina ce, kuma yaya zan mayar da ita cikin waya? Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan Baba. Waƙar Gabashin Afirka ce, da harshen Suwahili, kuma sunan nata shi ne mala'ika ɗin nan da muka sani. Kukan saurayi ne da ke gaya wa budurwarsa cewa da ya aure ta, amma rashin dukiya ya ɗaure masa hannu. Duk wanda ya taɓa lissafin lefe ba ya bukatar tafinta.

Ana jayayya kan wanda ya ƙago ta. Adam Salim ɗan Tanzaniya ya ce shi ya tsara ta a 1945, amma ɗaukar da ta fito da ita sarari ta Fadhili William ce, ɗan Kenya, wajen 1960. Tunda kin ji mace da namiji, kusan tabbas taki ta Miriam Makeba da Harry Belafonte ce, daga faifansu na 1965, wanda ya ci Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka. Ta Boney M (1981) kiɗan rawa ne zalla, ta Angélique Kidjo (1991) kuwa murya ɗaya ce a sanyaye. A ganinmu ta 1965 ta fi kama zuciya.

Jan muryar nan galibi laifin rediyon ne. Zaren kaset yana tafiya ne santimita 4.76 a daƙiƙa. Idan robar da ke juya injin ta saki saboda tsufa, gudun sai ya ragu, murya ta yi kauri. Masu gyaran rediyo a Sabon Gari za su canza ta. Ƙurar hunturu ma tana taruwa a kan ƙarfen da ke karanta zaren da 'yar tayar robar da ke matse shi: a jiƙa auduga da sifirit kaɗan a goge, a jira minti biyar ya bushe. Leƙa bakin kaset ɗin kuma. Akwai ɗan soso a bayan zaren, in ya faɗi sauti zai dushe. Kafin ki kunna, tura zaren har ƙarshe ki dawo da shi sau ɗaya, don inda ya manne ya saki.

Kada ki kara waya a bakin sifika, za ta kwashe har da kukan janareta. Haɗa kebul mai kai milimita 3.5 daga ramin abin kunne na rediyon zuwa kwamfuta, ki ɗauka da manhajar Audacity, kyauta ce. Rage ƙara yadda ma'aunin sauti na manhajar ba zai kai launin ja ba, don in ya kai murya ta fashe kuma ba ta gyaruwa. Adana a WAV (tsarin fayil da ba ya rage ingancin sauti) tukuna, sannan ki fitar da MP3 ki tura a waya.